Ruwan da na kurɓa a Aislan

Tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce in turo hoton ƙanƙara, wancan ya ce wai da gaske rana ba ta faɗuwa a can, 'yan majalisarmu ta bakin tasha kuwa tambayarsu ɗaya ce, me na kawo musu. To zan rubuta sau ɗaya a nan, duk wanda ya sake tambayata wannan zan tura masa. Amma ku sani tun yanzu, ba ƙanƙara ce ta girgiza ni ba. Ruwa ne, kurɓi ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni ne Mubarak, a Funtua nake, ɗan Alhaji Sale mai haƙa rijiya. Baba ya fara da rijiyar hannu tun kafin a haife ni, yanzu yana da injin bohol, ni kuma tun da na gama makaranta nake binsa aiki. Yadda yake tantance ruwa kowa ya sani. In ruwa ya ɓullo aka wanke ramin ya yi garau, sai a miƙo masa kofin silba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, ya haɗiye. In ya ji gishiri ko kanwa ko warin laka, ya girgiza kai. In kuwa ya ji wani ɗan tsami-tsami can a gefen harshe, sai ya yi murmushi ya ce ruwan dutse ne, wato babu wanda ya fi shi. Daga Dandume har Malumfashi ba mai ja da harshen Alhaji Sale. Ni ma haka ya koya mini.

Kafin in tafi mun haƙa bohol a wani ƙauye gaba da Kafur. Manoma ne duk, wasu Musulmi wasu Maguzawa, su suka haɗa hannu bayan girbin masara suka kira mu. Matansu a busasshen rafi suke tonon yashi su ɗebi ruwa. Baba ya kurɓa ya ce ruwan dutse ne. Aka yi daɓen siminti, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa aka ɗaure shi, aka ce za a buɗe Asabar ɗin da za ta biyo bayan dawowata. Ku riƙe wannan, don shi ne ya hana ni jin daɗin rabin tafiyar.

Tafiyar kanta a waya na same ta. Kwas ne na mako biyu ga matasa masu aikin haƙa, a Aislan, wani tsibiri can sama da Ingila. Na cike fom ina kwance, na manta da shi, sai ga saƙo wai an ɗauke ni. Mahaifiyata Hajiya ta ce in dai ba 'yan damfara ba ne to Allah ya sa albarka. Da biza ta fito ita ce ta cika mini jaka da kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji gwangwani guda, ta ce ta ji labari abincinsu ba ya da ɗanɗano.

Motar Abuja ta mace mana bayan Zariya. Direba ya sauka ya ɗaure wani abu da robar taya, ya ce mu tura. Na tura mota da jakar jirgi a bayana, wata tsohuwa a ciki tana cewa ɗan nan da ganinka ba ka saba wahala ba. Jirgi biyu na hau. A na biyun ni kaɗai ne baƙar fata, na kusa da ni kuma bai ce mini uffan ba har muka sauka. A nan ko a Keke Napep ka zauna da mutum sai ka san garinsu.

A wurin shiga ƙasar wani kare ya zo ya zauna gaban jakata. Aka ce in buɗe. Jami'in ya ɗaga kilishin Hajiya da yatsu biyu ya tambayi mene ne. Na ce nama ne busasshe. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya jefa shi a kwandon shara ina kallo. Wallahi sai da na ji hawaye. Ya buɗe gwangwanin yaji ya kai hanci, ya yi atishawa uku a jere, abokan aikinsa suna dariya, ya rufe ya miƙo mini ya ce wannan kam in tafi da abina. Ina fita waje sanyi ya mare ni. Ku tuna daga zafin watan Mayu na Funtua na fito. Rigar gwanjon da na saya kamar ban sa komai ba.

Masauki wani ƙaramin otal ne. Na buɗe famfon zafi zan yi alwala, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na sauko da sauri na ce wa matar da ke karɓar baƙi bututunsu ya haɗu da masai, ni sana'ata ce, na san abin da nake faɗa. Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce haka yake fitowa daga ƙasa da zafinsa da warinsa, duk garin da shi suke wanka. Na sanyin kuma a sha kai tsaye. Na tambayi inda ake sayar da ruwan leda, ba ta ma gane me nake nufi ba.

Rana kuwa gaskiya ne. Isha'i da haske nake yinta, sai da wani ɗan Habasha da muke kwas tare ya nuna mini jadawalin da Musulmin garin ke bi. Abinci kifi ne safe da rana, ba barkono, har da wani busasshe da suke shafa wa man shanu su ci kamar biskit. Yajin Hajiya ne ya cece ni, kafin kwana huɗu ɗan Habashan nan da wasu biyu suna zuwa teburina da cokali. Wata rana na ga kekunan jarirai a jere ƙofar wani shagon shayi, da jariran a ciki suna barci a sanyin nan, iyayen suna ciki suna hira. Na tsaya na kai minti goma ina gadinsu, ba wanda ya sa ni. Sannan babu Malam, babu Hajiya, babu ranka ya daɗe. Shugabar kwas ɗinmu, mace mai furfura da ta haifi kamata, kowa Sigrun yake ce mata gatsal. Ni bakina ya kasa, Malama nake cewa har na dawo.

A kwana na shida aka kai mu wurin da suke binne iska. E, iska. Iskar kabon, wadda ke fita da hayaƙin injuna da masana'antu tana ƙara wa duniya zafi, ita ce kuma ke sa lemon kwalba ya yi kumfa. Malama ta yi mana bayani a tsaye cikin iska mai kaɗawa. Suna kama iskar su narkar da ita a ruwa, ruwan ya zama kamar lemon da ba sukari, sai su tura shi ta rijiya can ƙasa cikin baƙin dutse. Ruwan da ya sha iskar nan tsami yake yi. Ruwa mai tsami kuma cin dutse yake. Yana ci, dutsen yana sakin ƙarafan da ke jikinsa, wasunsu su kama iskar su daskare su zama farin dutse kamar alli. Ta miƙo mana guntun da aka haƙo, baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Na riƙe hayaƙi a hannuna ya zama dutse. Na ce Allah mai iko.

Sai ta ce amma tsamin ba ya zaɓe. Yadda yake sako ƙarfen da suke so, haka yake sako wanda ba sa so. A irin dutsensu yawanci ƙarafan suna sake maƙalewa in tsamin ya ragu, amma ba su yarda da yawanci ba. Shi ya sa suka haƙa wasu rijiyoyi a kewaye, ba don sha ba, don kawai a riƙa ɗibar ruwa ana dubawa. Ta ce a wani irin dutsen, in iskar ta sulale ta shiga ruwan da mutane ke sha, tana iya tayar da dalma ko wasu masu guba da suka daɗe a kwance ba su dami kowa ba.

Aka kai mu ɗaya daga cikin rijiyoyin duban. Wani ma'aikaci da safar hannu yana cika ƙananan kwalabe, ragowar ruwan yana zuba a bokiti. Garau, ba ɗigon laka. Ni dai ban yi tunani ba. Hannuna ne ya tafi da kansa yadda ya saba. Na kamfata, na kurɓa, na riƙe a baki, na lumshe ido, na haɗiye. Da ɗan ɗumi, da ɗan tsami-tsami a gefen harshe. Har na buɗe baki zan ce ruwan dutse ne.

Da na buɗe ido kowa ni yake kallo. Ma'aikacin ya saki kwalbar hannunsa. Malama ta kama ni ta ja ni mota, ta ba ni ruwan gora ta ce in kurkure, ta kira wata likita a waya, aka kawo takarda aka rubuta sunana da lokaci da yawan abin da na sha. Ɗan Habasha yana tambayata ko ina jin jiri. Likitar ta ce kurɓi ɗaya ba zai yi mini komai ba. Kunya kuwa kamar ƙasa ta tsage.

Da hankali ya kwanta Malama ta tambaye ni dalili. Na gaya mata komai, kofin silba, harshen Baba, ruwan dutse. Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambayi wane irin dutse muke fasawa, na ce mai ƙarfi, irin na duwatsun nan namu masu ƙyalli. Ta tambayi ko muna kai ruwan ɗakin gwaji. Na ce sai in aikin gwamnati ne ko na ƙungiya, na ƙauye harshe ne.

Washegari ta kira ni ɗakin gwajinsu ta ajiye kwalabe uku, ta ce kar in sha, in duba in sansana in faɗi wanda ke da dalma. Duk iri ɗaya ne. Na nuna na tsakiya don kar in yi shiru. Ta ce na farko ne, kuma ko sha na yi ba zan gane ba. Dalmar da ke lalata yaro a hankali ba ta da ɗanɗano, ba wari, ba launi. Ba zai faɗi ya mutu ba, sai dai a ga ba ya girma yadda ya kamata, ba ya gane karatu, a ce haka Allah ya yi shi.

Na ce mata to mu ai ba ma binne iska a Katsina. Ta ce ba sai mun binne ba. Ruwan sama in ya ratsa ƙasar gona yana kwasar wannan iskar daga saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ya yi ɗan tsami, ya gangara ya yi ta lasar dutse shekara da shekaru. Abin da su suke yi da inji da sauri, ƙasa tana yi a hankali ko'ina.

"Tsamin da babanka ke so ba ya nufin ruwan yana da guba," in ji ta. "Yana nufin ruwan yana da ƙarfin ɗauko abin da ke cikin dutsen. Me ke cikin dutsen, wannan ba ni na sani ba, ba shi ya sani ba."

Na fita waje na zauna a kan wani dutse. Abin da Baba ke murmushi a kai shekara talatin, shi ne ainihin abin da ya kamata ya sa shi tsayawa. Kuma saura kwana tara a buɗe famfon ƙauyen nan.

Na kira shi. Yana gidan mai yana sa wa inji gas. Na yi bayani ina ta in'ina, na roƙe shi a ɗage buɗewar sai an gwada. Ya saurara har na gama.

"Mako ɗaya ka yi a ƙasar Turawa har harshena ya lalace?" ya ce. "Wa ka taɓa jin ya sha rijiyata ya mutu?"

Na ce ba mutuwa ba ce, Baba. Ya ce an sa rana, mutane sun sayi akuya, shi bai taɓa saɓa rana ba, ya kashe wayar. Na kira Hajiya ta ce in bari in dawo, ba a yi wa babana irin wannan magana ta waya.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. An kai mu wani tafki mai tururi, aka ce sai kowa ya tuɓe tsirara ya yi wanka a gaban mutane kafin ya shiga, na ce a sha lafiya na koma mota. Ranar tahowa Malama ta ba ni leda cike da sababbin kwalaben gwaji, ta nuna mini yadda ake cikawa a rufe a sa a sanyi, ta ce duk babbar jami'a da ke kusa da mu za su iya dubawa.

Alhamis na iso Funtua. Baba ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi hanya, bai ta da maganar ba. Juma'a ma haka. Asabar da hantsi muka hau motar aiki, ni da shi a gaba. Sai da muka wuce Malumfashi na sake buɗe baki. Na gaya masa kwalabe ukun nan, na gaya masa dalma yara ta fi kamawa, na tuna masa yaran Zamfara da kowa ya ji labarinsu. Ya ce can zinare suke daka a tsakar gida, ba ruwan bohol ba ne. Na ce haka ne, amma daga dutse ta fito. Da haka muka sauka daga kwalta.

Garin ya cika. Ana kiɗa, an yanka akuya, jarkoki da bokitai a jere tun daga bakin famfo har gindin wata ɗorawa. Mai unguwa Nomau ya tarbe mu, dattijo dogo mai sanda. A gaban layi akwai wata tsohuwa, Kande, ta ce tun tana amarya take tonon yashi, yau ita ce ta farko ko da faɗa. Aka kwance famfo, aka tuƙa, ruwa ya zubo garau, mata suka yi guɗa. Aka miƙa wa Baba kofinsa. Ya kurɓa, ya riƙe, ya haɗiye. Ina kallonsa, bai yi murmushin ba, amma ya gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, na rasa.

Ashe a garin nan in an yi sabuwar rijiya, ruwan farko mafi ƙanƙanta a gari ake ba. Mai unguwa ya karɓi kofin ya sake cikawa, aka turo wata matashiya da 'yarta a hannu, ba ta fi wata bakwai ba, da ɗan wuri a wuya. Uwar ta karɓa ta kai bakin yarinyar.

"Dakata, 'yata."

Baba ne. Ya sa hannu ya karɓi kofin ya zubar a ƙasa. Kiɗa ya tsaya.

"Alhaji, ba kai ka ce mana ruwan dutse ba ne?" in ji mai unguwa.

"Ni na ce. Bakina ya ce yana da kyau. Amma akwai abin da baki ba ya ji, kuma ban sani ba ko yana ciki."

Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce bai sani ba a kan ruwa. Wurin ya rikice. Kande ta dire jarkarta ta ce to su koma rafi ke nan, an tara su an yi musu wasa da hankali, shi Alhaji a gidansa ai ba ya tonon yashi. Wasu samari suka ce ko dai aikin ne bai yi ba ake neman hanyar gudu. Baba bai kare kansa ba. Ya ce tankar da muke ɗaukar ruwan aiki za ta riƙa kawo musu ruwa daga gari har sakamako ya fito. Ya ce in cika kwalabena. Sannan ya ɗauko sifana ya kwance hannun famfon da kansa ya jefa a bayan mota. Naman akuyar ko tayi ba a yi mana ba.

Litinin na kai kwalaben jami'ar Zariya. Kwana goma muna jira, a kasuwar Kafur har an fara cewa Alhaji Sale ya tsufa, ɗansa ɗan boko ya karɓe masa aiki. Da takardar ta fito mai gwajin ya zaunar da ni. Ƙarfe ya yi yawa, wannan da sauƙi. Amma akwai dalma, ta wuce abin da aka yarda a sha. Ya ce mai yiwuwa wata jijiya muka ratsa a dutsen, tsamin ruwan kuma yana jawo ta. Na karanta wa Baba a zaure. Ya sa na maimaita, na maimaita.

Mun koma mun haƙa wata a ɗaya gefen garin, aka gwada, ta fita lafiya, aka buɗe. Kande ce ta farko. Ba ta gaishe mu ba, amma ta aiko jikarta da ƙwai a ƙwarya.

Shekaranjiya bayan la'asar Baba ya kira ni ya tambayi kwalabe nawa suka rage. Na ce da ɗan dama. Ya ce in buɗe waya in rubuta. Ya fara jero garuruwa, wannan bayan Dandume, wannan hanyar Bakori, wannan makarantar allo, wannan asibitin ƙauye, duk inda ya tuna ya taɓa jin tsamin nan ya yi murmushi. Yatsana ya gaji bai gama ba. Na ce ta ina za mu fara, Baba, na nesa ko na kusa?

Ya juya ya kalli tsakar gidanmu, inda Hajiya ke jan ruwa a rijiya za ta ɗora tuwo.

"Fara da wannan," ya ce. "Duk cikinsu ita ta fi tsami. Saboda ita na gina gidan a nan."